Sunan Balaraba a Kan Dutsen Niƙa

Damagaram, watan Nuwamba

Zuwa ga Dakta Nafisa Mahamud, Yamai.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ki yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto miki, ni da ban kai ko matsayin ɗalibarki ba. Mushe Faruk, malaminmu na lise, wato sakandare, ya ba ni lambar wayarki, amma na san kaina, in na ji muryar babba tawa ɗaukewa take yi. Shi ya sa na zaɓi takarda, na ba direban kar, motar fasinja mai zuwa Yamai.

Sunana Rahama Sama'ila. Bara kin je Droum da na'urar ɗaukar magana, kina tattara nau'o'in zancen mata: habaici, kirari, waƙar daka da ta niƙa. Tsohuwar da ta yi miki waƙar Mai Rake kakata ce, mahaifiyar babana.

Mushe Faruk ya kawo mana wasu shafuka na littafin da za ki fitar, don mu yi darasi a kansu. Ina ganin waƙar na gane ta, har na kasa zama daidai a benci don murna. Ran Asabar na tafi ƙauye na karanta wa Kaka. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Ke, kin tsallake kai."

Na ce ban tsallake komai ba, haka aka rubuta.

"To wa aka ce ta yi ta?"

Na ce an sa "Mace A, tsohuwa, Droum."

"Mace A? 'Yar gidan wa ce? Wa ya yanke mata cibiya?"

Matan gidan suka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba.

Ranki ya daɗe, a garinmu mace ba ta fara waƙar niƙa sai ta faɗi sunanta da na wadda ta koya mata niƙa. Baitin da ya ɓace shi ne:

Ni ce Balaraba ta Zainaba,
Zainaba ce ta ɗora hannuna kan dutse.

Kaka ta ce waƙar da ba ta da wannan kai, tsintacciya ce, kowa na iya cewa tasa ce. Ina ganin kuskure aka yi wajen bugawa. Don Allah a mayar mata da sunanta.

Na bar ki lafiya.
Rahama Sama'ila

Yamai, watan Nuwamba

'Yata Rahama,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kuma babu laifin da za a yafe. Ki gaida mini Iya Balaraba. Ban manta furar da ta dama mini ba.

Ba kuskure ba ne, ni na cire baitin, kuma ina da dalilai.

A aikinmu ba ma bayyana sunan wanda ya ba mu magana in maganar za ta iya jawo masa fitina. Waƙar nan habaici ce ga mutumin da ya tare wa mata hanyar rijiya da shingen ƙaya. Ya rasu, amma zuri'arsa na nan. Abin da aka rera a tsakar gida iska ce ke ɗauke shi, abin da aka buga a littafi kuwa zama yake yi.

Na biyu, mu masu nazari muna ɗaukar waƙar niƙa a matsayin kayan jama'a. Na ji wannan waƙa a Tirmini, na ji ta a Gaffati, kowacce da ɗan bambanci. Zai yi wuya in ce ta mutum ɗaya ce.

Na uku, da ban so in faɗa ba. Ranar da zan bar Droum, baffanki Malam Rabi'u ya biyo ni har bakin mota ya roƙe ni kada sunan mahaifiyarsa ya fito. Na yi masa alkawari.

Ki dage da karatu. Rubutunki yana da tsabta.

Dakta Nafisa Mahamud

Damagaram, watan Disamba

Ranki ya daɗe Dakta,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na gode da amsarki, amma ban yarda ba. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Na je na sami Baba Rabi'u a lambu. Ban taɓa tambayarsa dalilin komai ba tun da aka haife ni. Ya jingina fartanya ya ce, "'Yar lakwal, 'yar boko, dubi ƙasar da kike tsaye a kai. Ta wa ce?"

Na ce tasa ce.

"Aro ce. Ta Safiyanu ce, ɗan marigayi Alkasum mai rake. Albasar nan da ita nake ciyar da gida, har da kakar taki. Ki buga sunan uwata kusa da zagin ubansa, in ya karɓe lambunsa sai mu dafa littafin mu ci."

Gaskiya ya faɗa. Na koma gida na gaya wa Kaka komai, har da batun Tirmini da Gaffati. A nan ne ta yi dariya.

"Wa ya kai ta Tirmini? 'Yar ƙanwata ce da aka kai aure can. Ta Gaffati kuwa a gidan nan ta koyi niƙa, tana zubar mini da gero. Ki tambayi Daktar taku, in aka ɗebi wuta a murhuna aka kai maƙwabta, murhun ya daina zama nawa?"

Ranki ya daɗe, ga tambayar na isar.

Wataƙila ba a ba ki labarin duka ba. Shekarar da Alkasum ya yi shingen, mata sai sun zagaya bayan gari da tuluna, masu ciki da masu goyo. Maza sun yi shiru saboda shi ke da lambuna. Kaka tana amarya, ba ta da bakin magana a gaban kowa sai a gaban dutse. Can ta ƙaga:

Mai rake, ƙayarka ta sha jinin ƙafa,
Rijiya ba gadon ubanka ba ce.

Gida gida aka ɗauka. Duk inda ya bi da hantsi, ita yake ji ta kan katanga, kuma kowace mace da sunanta take farawa, ta ƙara da cewa daga Balaraba ta samo. Da kansa ya ƙone shingen. Da ta ɓoye sunanta a lokacin, ba wadda za ta yi ƙarfin halin faɗin nata. Kin rarraba waƙoƙin a littafinki, wannan habaici, wancan yabo. Wannan kuwa sunan ne ƙashin bayanta.

Kaka ta ce abu biyu ne: ko ki sa sunanta, ko ki cire waƙar gaba ɗaya ki mayar mata da kayanta. Ta kuma ce tun da tsoron Safiyanu ne ya sa aka mai da ita Mace A, za ta kashe tsoron. Ta sa an jawo tsohon dutsenta daga bayan rumbu, wanda ba a taɓa ba tun da injin niƙa ya zo gari. Ranar kasuwa za ta sa a ɗora shi a amalanke a kai ƙofar gidan Safiyanu, ta rera a can.

Baba Rabi'u ya ce ni na kunna wutar. Ya daina amsa gaisuwata.

Taki,
Rahama

Yamai, watan Disamba

Rahama,

Gaisuwa a gurguje. Don Allah ku dakatar da ita. Ba don wannan na shiga aikin nan ba, kuma in baffanki ya rasa lambunsa ba zan yafe wa kaina ba. Ga mafita: zan sa haruffan farko na sunanta, B. Z., in yi bayani a ƙasan shafi cewa waƙar tana da mai ita. Batun murhu kuwa, ki gaya mata ya hana ni sukuni, ina sake duba abin da na rubuta.

Ki amsa mini da direban da ya kawo wannan.

Nafisa

Damagaram, watan Janairu

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta zo bayan an gama. Da na karanta wa Kaka batun B. Z., cewa ta yi wannan ai ƙanwar Mace A ce.

Ni na riƙe mata ƙwaryar gero. Ta durƙusa a ƙofar gidan, 'yan kasuwa sun taru, ta faɗi sunanta da na Zainaba. Muryarta ta tsufa, ta kai baitin ƙaya tana haki, ba mai amsa mata. Safiyanu ya fito ya tsaya a bakin zaure, fuska a ɗaure.

Sai muka ji amshi daga cikin gida. Iya Ramlatu ce, mahaifiyarsa, matar marigayin, ta fito tana dogara sanda.

"Matsa, Balaraba, niƙanki ya yi tsaki. Ni ce Ramlatu ta Zainaba, daga Balaraba na samo." Ta dubi ɗanta. "Kai ne a cikina shekarar nan, da kai nake zagaya gari da tulu. Me kake zare ido?"

Safiyanu ya koma ciki. Har yau bai ce komai kan lambun ba, Baba Rabi'u yana ban ruwa da zuciya biyu, kuma har yanzu bai amsa gaisuwata ba. Amma ya aiko ƙanwata ta ce in gaya miki ya sake ki daga alkawari, tun da yanzu ba abin ɓoyewa.

Ki rubuta: Balaraba ta Zainaba, Droum. Cikakke, a sama, ba a ƙasan shafi ba.

Iya Ramlatu ta ce ita ma tana da waƙa, kuma ba ta yarda a kira ta Mace B ba. In kin ba ni izini, zan sake rubuto miki in aiko da waƙar, har da kanta mai ɗauke da sunanta.

Na bar ki lafiya.
Rahama, jikar Balaraba