Ƙunshin Ciyawar Teku

Zuwa ga ɗana Kwang-min,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Un-hwa. Na aiko maka da busasshiyar ciyawar teku, tunda ranar haihuwarka ta matso. Ta yi maka miya kamar kowace shekara, amma kada ta zabga gishirin nan nata. Mu nan kullum atisayen shiga rami ake sa mu, wai jiragen yaƙin maƙiya sun cika teku saboda tauraron ɗan adam da za ku harba. Gwiwoyina sun gaji.

Mahaifiyarka,
Sun-nyo

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da ladabi, saƙo ya iso, na gode. An tsayar da ranar harba tauraron leƙen asirin, ta faɗo daidai ranar haihuwata. Ni ke kula da injin rokar yanzu. Wanda ya riƙe shi kafina, an canza masa wurin aiki bayan rokar bara ta faɗa teku. Har yau ba mu sami adireshinsa ba. Kada ki damu, Mama.

Ɗanki,
Kwang-min

Un-hwa 'yata,

Ina gaishe ki. Wasiƙar mijinki kwana tara ta yi a hanya, sai jiya ta shigo hannuna, yau kuma rediyo ya ce rokar ta faɗa teku. Ni na ja masa. Ko ɗan makaranta ba a ba shi miya mai santsi ranar jarrabawa, don kada ya zame, ni kuwa na kwashe ta da hannuna na aika. Ban san ranar ɗaya ba ce. Na kasa kai loma baki, tsoro nake ji. Ki gaya mini gaskiya, ya sha? Ya dawo gida?

Ki huta lafiya,
Sun-nyo

Mama,

Ina gaisuwa. Ga ƙunshinki na maido, ki duba ƙullin, naki ne, ban kwance ba. Ni ma uwa ce ta haife ni, na san wannan. Wainar shinkafa mai danƙo na ba shi, ya cinye, har ya ce gishiri ya yi daidai.

An canza masa wurin aiki. Ba su ba ni adireshi ba.

Ki adana ciyawar inda ba laima, Mama. Tana kai baɗi.

'Yarki,
Un-hwa