Ƙoƙon Kan da Surukata Ta Ɗauko

Pampa Chilcal

Yaya Yolanda,
Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Lima bai taɓa yaran ba. Albishirinki! Za a jawo mana ruwan famfo. Amma kamfani ba zai shimfiɗa bututu ba sai masu binciken kayan tarihi sun duba hanyar, sun ba da takardar izini. Sun ɗauki mijina Wilmer aikin haƙa. Jiya a gindin tudun bayan gonarmu suka tono ƙasusuwan wata mata rungume da jariri. Ni dai na san gimbiya ce ta gudo saboda soyayya. Wilmer ya ce, "Ke Nélida, wace gimbiya da wawulo?"
Ƙanwarki,
Nélida

Lima

Nélida,
Muna lafiya. Gimbiya ba za ta cika miki bokiti ba. Ki rage karatun littattafan soyayyar nan, ki ja wa mijinki kunne ya riƙe aikinsa. Ki gai da surukarki.
Yolanda

Pampa Chilcal

Yaya,
Bayan gaisuwa, an yi ɓarna. Kan matar ya ɓace daga ramin, kuma Wilmer aka ba tsaron wurin. Shugabar masu binciken, Licenciada Ordinola, ta tsayar da aiki, ta ce in kan bai dawo ba sai 'yan sanda. Ba takarda, ba ruwa. Maƙwabta sun daina amsa gaisuwarmu.

Na shiga ɗakin surukata Doña Eulalia ɗebo masara, sai ga ƙoƙon kan a teburinta, an kunna masa kyandir, an ajiye masa sigari. Kin san tsofaffinmu, wai yana tsare gida daga ɓarayi.

Na ce, "Mama, ɗanki fa za su kulle."

Ta ce, "Su kulle kakansu! A nan tana da kyandir. A wurinsu kwali za su jefa ta."

Na zauna ina taya ta ɓarar wake. Ban ambaci doka ba. Na ce mata jaririn yana can a rami, hannun uwarsa na riƙe da shi, amma babu idon da zai dube shi. Na ƙara gishiri son raina. Ta yi tsaki, wai ni da ban haihu ba me na sani. Amma hannunta ya tsaya cak a kan waken. Ki rubuta ki ajiye, zan ci nasara.
Ki huta lafiya,
Nélida

Pampa Chilcal

Yaya,
Ina gaisuwa. Surukata da kanta ta mayar da ƙoƙon kan, naɗe a mayafinta na zuwa coci. Ta zuba wa ƙasa giyar masara, ta tsare Licenciada sai da ta yi alkawarin ba za a raba uwa da ɗa ba. An wanke Wilmer, bututu zai zagaye tudun. Ni har yau tsohuwar ba ta kula ni. Kullum sai ta ɗauki kujerarta ta tafi bakin ramin, tana jiran ranar da za a kwashe uwar da jaririn, wai ba a barin maijego ita kaɗai.
Taki,
Nélida