Kwalinki da Na Tarwatsa a Ƙofar Bariki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake in rana ta take, ruwan randata, farin watan da ke leƙo ni ta tagar barikin nan, matata kuma ƙanwata.

Ki karɓi sallamar mutumin da aka daina ɗaukar wayarsa. Na kira har wayar ta yi zafi a hannuna. Na roƙi Yaya Babba ta ba ki baki, ta dawo min da saƙon da ya fi mari ciwo: wai ɗakin da aka ba ni a bariki in zauna abina ni da bama-bamaina, ke ba za ki tare ba. Ta ce kin ce, "Mutumin da ya kalli kyautata ya ga mutuwa, ina zan zauna da shi?" Haba, rabin raina! Labarin ya iso miki ta bakin matar Saje, wadda ba ta taɓa ba da labari ba ta barbaɗa gishiri ba. Ki daure ki ji shi daga bakin wanda ya yi ɓarnar.

Da hantsi sojan gadi ya bugo ya ce ga wani kwali an jingine jikin ƙofa, direban da ya sauke shi ya ja mota ya yi gaba. Babu sunan mai aikowa, sunan wanda aka aiko wa kuma ruwan sama ya wanke shi tas. Aka tare hanya, aka kori masu talla, aka ja igiya. Ranar ni ke da zagayen sa sulken masu kwance bam. Kin san sulken nan? Allah ya raba ki da saninsa. Guda ɗaya ne duk rukuninmu, ba ya wankuwa, gumin kowa yana ciki tun na waɗanda suka yi ritaya. In aka kifa maka hular sai ka shaƙi warin bakin wanda ya sa jiya, haɗe da tsamin tsohuwar safa. Haka na taka ni kaɗai, ina rangaji kamar jakin da aka yi wa lodi, na kafa na'urar da ke haska cikin kaya na dawo. Hoton ya nuna batir, ya nuna waya a nannaɗe, ga wani dogon gwangwani, ga agogo yana tafiya. Ki gaya min, ya hasken zuciyata, wane soja ne zai ga waɗannan a kwali guda ya ce masoyiyarsa ce ta tuna da shi? Na koma na saita bindigar ruwa, wadda muke fasa abu da ita kafin ya fashe da kansa. Saje ya ba da izini, na danna.

Da ƙura ta lafa na je dubawa. Filas ɗin shayi a lotse, tocila da wayar cajinta, agogon hannu ba fuska. Sai na ɗaga gilashin hular don in sha iska. Wayyo ni! Ƙamshinki ne ya buge ni, turaren nan da kike ɗigawa a bakin mayafi, kwalbar ta fashe ya cika ƙofar bariki kamar ke ce kika gifta. Na duba ƙasa, sai ga zaren ulu shuɗi a warwatse cikin taɓo, hannun riga a nan, wuya a can. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da sulken da komai.

Na gane zaren nan. Kin tuna yammacin da na zo hutu, kika zaunar da ni a kan tabarma kika ce in miƙo hannuwa biyu? Kika rataya min zaren a wuyan hannu kina naɗewa, kina ce min wai mijin ƙawarki za ki saƙa wa rigar sanyi. Na cika na yi fam don kishi, ke kuwa kina ta dariya ƙasa-ƙasa, kina satar auna kafaɗata da ido. Kika ce hannuna ba ya rawa, kamar ƙusa a bango. Ban gaya miki ba, amma ranar ce kaɗai na ji yana neman yin rawa, don yatsunki suna gogar nawa. Ashe ni kike saƙa wa! Watanni kina bin layi-layi da allura bayan kin taso daga aiki a gajiye, ni kuma na zo da wannan hannu da kike yabo na watsa shi cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tayar min da zuciya. Abokan aiki suka dinga dariya har da riƙe ciki, suka laƙaba min Angon Kwali. Wannan na yafe, mu a nan in ba mu yi dariya ba hauka za mu yi. Wanda ban yafe ba shi ne Oganmu. Mutumin da bai taɓa sa sulken nan ba, wanda in muna aiki yake bayan mota yana toshe kunne, shi ne ya taho da mai hoto, ya ɗora takalminsa mai sheƙi a kan rigarki, ya turo ciki gaba aka ɗauka. Na ce masa, ranka ya daɗe, kayan matata ne. Ya ce in rufe bakina, ai ya riga ya sanar da na sama cewa an daƙile hari, har za a ba ni takardar yabo. Yabo, a kan filas ɗin shayi! Tir da wannan yabo, tir da bakin da ya furta shi. Na ce masa in ya kawo takardar zan share sulke da ita, ko ta rage wari. Yanzu haka ina gadin rana saboda wannan magana, kuma ban yi nadama ba. Sai da ya tafi na durƙusa na tsince zaren ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na shanya a kan gadona.

Da na so in ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, don ke ma ba ki rubuta sunanki ba. Amma na janye, ba ki da laifi. A duniyar mutanen kirki haka ake yi, a ɓoye kyauta don mai ita ya yi mamaki. Mu ne aka fitar daga wannan duniya. Watan da ya wuce wasu la'anannu suka ajiye kwali a ƙofar makarantar firamare, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli, har da ɗaurin kintinkiri, don yara su yi rububi. Ki duba fa! Mutum ya zauna, ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya ɗaura wa mutuwa ado don ɗan wani ya ɗauka. Wace irin uwa ce ta goyi wannan? Abokina Tsinke, wanda ya saba ɗaura min sulke, shi ya je wa kwalin nan. Yara sun tsira, shi kuma yanzu yana koyon ɓalle maɓalli da hannun hagu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sun lalata min ido, abar ƙaunata. Sun sa ina ƙyamar leda a gefen hanya, ina ƙyamar tulin yashi, ina ƙyamar abin da aka naɗe da kyau. Ina ƙyamar kaina ma a kan haka.

Yanzu ga maganar da matar Saje ba za ta iya kawo miki ba, kuma na san tana iya ƙara miki fushi. Da zan yi miki daɗin baki, da na rantse ba zan sake ba. To, ba zan rantse ba. In gobe aka sake ajiye kwali irin wannan, ko da ƙamshinki na tashi daga cikinsa, zan sake fasa shi. Zan fasa shi ina kuka, amma zan fasa, domin ina so in dawo miki da yatsuna goma, in riƙe miki zare, in ɗauki 'ya'yan da Allah zai ba mu. Riga ana sake saƙawa, ƙanwata. Hannu fa?

Ƙarshen wata motar da ke kwaso iyalai za ta taso, kuma na ba da sunanki. In ba ki hau ba za a ba wani ɗakin, ni in koma cikin gwauraye, ban san kuma yaushe layi zai sake zagayowa kaina ba. Kada ki ƙara aiko min da komai, kurciyata. Ki taho da kanki. Zan tsaya a ƙofar nan tun safe, ba sulke, ba hula, ba igiya tsakanina da ke. Duk abin da na tunkara a aikin nan ina tunkararsa ne ina shirin gudu. Ke kaɗai ce zan nufa da ƙirji a buɗe, ki yi yadda kika ga dama da ni.

Naki ne ni, ko kin hau motar ko ba ki hau ba, har ranar da numfashi zai ƙare.

Mijinki.