Giris ɗin da Ban Sa Ba

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali, ya zafin Madina? Mu nan Aljirif lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. Ranar tafiyarka abu ɗaya ka roƙe ni game da ƙaramar taraktarka: in sa wa kuros ɗin farfela, mahaɗin ƙarfen nan mai juyawa a ƙarƙashinta, giris duk Juma'a, don lakar bakin kogi cin ƙarfe take yi. Wata biyu na yi, na watsar. Da ta fara ƙara daga ƙasa, na ce ai tsufa ne.

Makon jiya ruwan kogi ya janye, kowa na sauri ya shuka kafin ƙasa ta bushe, sai taraktar ta tsaya cak a tsakiyar gona. Usta Bashir makanike ya fitar da kuros ɗin da guduma, ya zazzage a tafin hannunsa. Ba komai ciki sai garin tsatsa. Ya ce, "Wallahi wannan rabonsa da giris tun mai shi na nan." Na kasa ɗaga kai.

Sai Umdurman na samo sabo, mun ɗaura. Amma kwana biyar sun wuce, gefen da Inna ke shuka kuɓewa ya bushe. Ita kuwa sannu take ta yi mini, wai na sha wahala.

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a. Gaida Zainabu da yara. Jiya Juma'a, sai da na sa giris sannan na yi alwala.

Ƙaninka,
Isa