Ni Ne Fasinjan Da Ya Riƙe Giyar Jar Mota

Zuwa ga Manajan Gareji na kamfanin da ke da jar motar nan mai bin Kankiya da Kusada.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da ma'aikatanka baki ɗaya. Bayan haka, ni ne Malam Haruna na Kusada, tsohon malamin awon gyaɗa, ina cikin waɗanda aka kai makarantar boko tun iyaye na kuka in an ɗauki ɗansu. Yanzu na tsufa, ƙirji ya matsa mani, mai ɗakina ta riga ni gidan gaskiya, gidan babu kowa sai ni. Na biyo ta jarida ne don na aiko maka takarda ta hannun akawunka ban ji amsa ba. Ka yi haƙuri da tsawon rubutun, gama yau ina da abin nunawa!

Maganar direbanka ce, Isyaku mutumin Kafinsoli, wanda ka sallama bayan motar ta kwanta a rafin Ƙofa. Takardar sallamar ni na karanta mashi. Ta ce ya yi sakaci, ya bar fasinja ya taɓa giya. To, ni ne fasinjan.

Na farko, ga yadda hannuna ya kai wurin. Kowace Litinin nakan bi motar zuwa Kankiya karɓar maganin ƙirji. Isyaku ya ga ba zan iya hawa bisa buhuna ba, sai ya ba ni gidan gaba. Motar kuwa tana da ciwo: in aka sa ta lamba biyu, sandar giyar ta yi ta kaɗawa, can sai ta yi tsalle ta fita da kanta. Hanyarmu duk yashi ce da kwazazzabai, sitiyari hannu biyu yake so. Ran nan ya dube ni ya ce, "Baba Malam, tunda hannun nan naka ba ya aikin komai sai jan tasbaha, ɗan danne mani wannan." Na danne. Kai! Ranka ya daɗe, ka taɓa riƙe sandar giya mota na hawan tudu da kaya? Duk ƙarfinta sai ya shigo tafin hannunka, ya bi kafaɗa har haƙora. Kafin wata guda na san lokacin da za ta yi tsalle tun ba ta yi ba, sai in ƙara nauyi. Mutanen Yashe in sun hango mu sai su ce, "Ga direba da limaminshi!" Mai ƙosan bakin hanya kuwa cewa take yi wai tsoho ya sami sana'a bayan haƙora sun tafi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na daɗe ban ga ana jira na a ƙofar gida ba.

Na biyu, Isyaku bai ɓoye ciwon motar ba. Ba ya rubutun boko, saboda haka ni na rubuta mashi takarda har sau uku zuwa garejinka, kwafinsu na nan cikin adakata. Ta farko shiru. Ta biyu aka aiko da baki cewa a lallaɓa har a gama kwasar gyaɗa. Ta uku ce ta kawo makanikenka Kankiya. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ƙara mata mai, ya goge hannu, ya ce a gabana, "Lafiyarta lau, ka dai sami mai riƙe maka." Ya kuma nuna ni da haɓa ya ce, "Ga ma tsoho nan zaune banza." Ashe abin da aka kori Isyaku a kai, shawarar garejinka ce.

Na uku, ranar da abin ya faru. Da hantsi ne, mun fito Kusada da gyaɗa har bisa kai. A gangaren rafin Ƙofa birki kaɗai ba ya riƙe mota mai kaya, sai an haɗa da lamba biyu. Muna tsakiyar gangara tari ya sarƙe ni. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma hannun ya sake, sandar ta buge ni a gwiwa, mota ta kwasa a guje. A mashigin akwai mata suna wanki, da mai jakai uku yana tsallakawa. Isyaku bai yi ihu ba, bai diro ya bar mu ba. Ya murɗa sitiyari ya kai ta cikin yashi mai zurfi, ta karkata ta kwanta a hankali kamar raƙumi. Buhuna sun sha ruwa, gilashi ya fashe, ni na ƙuje a goshi. Ko jaki ɗaya bai mutu ba.

Na huɗu, kuma wannan ne ya hana ni zama. Motar ta kwana biyu a rafin kafin ku aiko a ja ta. Kashegari na roƙi maƙwabcina ya ɗora ni a jaki na koma. Na tarar Isyaku da Audu maƙerin Ƙofa sun kwance murfin akwatin giyar. Suka tallafe ni na leƙa. Allahu Akbar! Abin da na yi watanni ina kokawa da shi ban taɓa ganinsa ba, ga shi a fili: ƙarafa masu haƙora, manya da ƙanana, kowane ya ciji ɗan'uwansa. Wanda ya ƙera wannan Allah ya ba shi basira. Amma haƙoran lamba biyu duk sun cinye, sun yi sumul, guda ma ya karye. Audu ya dube su ya dubi bakina ya ce, "Malam, ashe motar sa'arka ce." Na tsoma yatsa cikin man, ya fito yana ƙyalli da garin ƙarfe kamar kwalli. Audu ya ce shekararsa talatin yana dukan ƙarfe, wannan ci ba na rana ɗaya ba ne, ba kuma na hannun tsoho ba. Karyayyen haƙorin ya tsamo mani shi da awartaki. Yana nan cikin gwangwani, kowa ya zo gaishe ni sai na nuna mashi.

Jiya motar ta wuce da sabon direba. Na sa aka tsayar da ita na duba. An ɗaure sandar giyar da igiyar rama a ƙafar kujera.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. A ajiye motar nan har a sa mata sababbin haƙora, kada igiyar ta tsinke a kan matan Ƙofa. Ka aiko wanda ka amince da shi ya ga takardun da haƙorin, ko ka zo da kanka, tabarmata na nan. Sa'an nan ka maido da Isyaku bakin aikinsa, a yaga takardar da ta kira shi mai sakaci, don da ita a wuyansa babu mai ba shi mota daga nan har Kano, ga shi da tsohuwa da mata da 'ya'ya huɗu. In kuwa dole sai an hukunta hannun da ya saki giya, to nawa ne. A aiko ɗan doka, ba zan gudu ba, ko na so ƙafar ba za ta kai ni zaure ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare motocinka da waɗanda ke cikinsu, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malam Haruna, tsohon malamin awo,
Kusada.