Mashaƙo Ya Shiga Ajinmu, Asibiti Bai Sanar da Kowa Ba

Daga: Malama Ummakulsum Bahauddeen,
Shugabar Makarantar Firamare ta Ni'ima,
Rijiyar Lemo, Fagge.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Kiwon Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Fagge, Kano.

16 ga Oktoba, 2023.

GAME DA: SAKACIN MA'AIKATAN ƘARAMIN ASIBITIN LAYIN HAMBALI

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar Talata, 3 ga wata, na kai ɗalibata Raudha Abdulƙahhar, 'yar aji uku, wannan asibiti da kaina, domin mahaifinta yana Kasuwar Singa, mahaifiyarta kuma tana jego. Wuyanta ya kumbura, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. An zaunar da mu a benci ɗaya da iyaye masu goyon jarirai har azahar.

2. Ma'aikacin da ya duba ta ya haska maƙogwaronta, ya ja da baya, ya gyara takunkuminsa. Na ji ya gaya wa abokiyar aikinsa da Turanci cewa abin ya yi kama da mashaƙo, yana zaton ba na ji. Ya tura mu babban asibiti, bai faɗa mini yarinyar tana iya shafa wa wasu ba. Adaidaita muka hau, tare da fasinjoji.

3. Washegari na koma na tambaya ko za a turo jami'ai makarantarmu. Malamar jinya ta ce aikinsu ya tsaya a kan wanda ya shigo ƙofarsu, abin da ke waje ba huruminsu ba ne, mai kai rahoton cututtuka ga hukuma kuma yana hutu. Ba ta ko ɗago kai ba.

4. Raudha ta rasu ranar Asabar, 7 ga wata. Allah Ya jiƙanta. Yanzu Onyekachi Boniface, yaron Sabon Gari da suke zama kujera ɗaya da ita, yana kwance a asibiti ana taimaka masa da numfashi. Kullum da safe mahaifiyarsa, Madam Obiageli, takan tsaya a bakin ofishina ta tambaye ni me ya sa ba a gargaɗe su ba. Na rufe ajin bisa raɗin kaina, amma ni malama ce, ban san wa zan killace ba, ban san wa zan sallama ba.

Ranka ya daɗe, ba korar kowa nake nema ba. Na ga cunkoson da suke fama da shi. Abin da ya tsorata ni shi ne, babu ko ɗaya cikinsu da ya nuna ya san lafiyar unguwa tana wuyansa.

Don haka ina roƙon a turo jami'ai su duba ɗalibaina da gidajensu, a yi musu rigakafi; a nemo iyayen jariran da muka zauna tare da su; sannan a fahimtar da ma'aikatan cewa kai rahoton annoba ba ya jiran mai hutu.

Iyaye za su taru a makaranta ranar Alhamis. Wasu sun fara mayar da 'ya'yansu wasu makarantu ba tare da an duba su ba, ni kuma ba ni da ikon hana su. Ina roƙon a zo kafin ranar.

Huta lafiya, Allah Ya yi jagora.

Mai biyayya gare ka,
Ummakulsum Bahauddeen