Gonar da Aka Cinye wa Iyaka

Rimin Gado

Zuwa ga ɗana Mika'ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai kewar mahaifinka, Allah ya ji ƙansa.

Yayarka Sakinatu ta nuna mini wasan waya da kuke haɗawa a wurin aikinku, wanda mutum ke tuƙa jirgi yana leƙen ƙasa. Na gane gonarmu da karkataccen gawon nan. Na gane mahaifinka a duƙe da fartanya da malafarsa. Na share hawaye na ce ta matsa gaba. Sai ga gawon kuma, ga shi kuma a duƙe. Dama shi, hagu shi, har inda ido ya ƙare. A ranar nan, tuwo bai shiga cikina ba.

Mutumin da ya bar duniya da ciwon baya, shi ka ɗora wa noman da ba ya ƙarewa, yara suna shawagi a kansa suna dariya? Tir! Ka cire shi.

Mahaifiyarka,
Asiya

Bacirawa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ban girma. Ki gafarce ni, wallahi ban lura da shi ba, a kwamfuta bai fi tururuwa ba. Hoton da na ɗauka ne bara da ƙaramin jirgi mai kyamara. Gona ɗaya muke jerawa kamar tabarmi. Na goge layin gambar da ke kan iyakarta don kada a ga mahaɗa, na sa gajimare can nesa, shi ya sa ƙasar ba ta ƙarewa.

Oga ya ce an gama, ba a taɓawa. Kin san yadda aiki ya yi wuya bana, da shi nake aiko muku da gero. Kuma Baba kullum yana cewa gonar ta yi mana kaɗan. Ga shi na ba shi ƙasa har bakin sama.

Ɗanki mai biyayya,
Mika'ilu

Rimin Gado

Mika'ilu,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Ashe har gambar ka goge? Shekarar da muka ci dusa, an zuga mahaifinka ya ƙara kunya ɗaya daga gonar marayun maƙwabcinmu Sama'ilu, tunda ba mai gani. Ya ce ba zai tashi ranar kiyama da ƙasar wani a wuya ba. Kai kuma a zaune ka cinye musu duka, ka tsayar da shi a tsakiya kamar shi ya ci. Bai roƙe ka wannan kyautar ba.

In geron daga nan yake fitowa, riƙe abinka.

Allah ya shirye ka,
Asiya

Bacirawa

Inna, ina gaisuwa. Na cire Baba, na mayar da gambar. Oga ya ce ƙasar ta koma kamar zanen atamfa, ya sallame ni. Ki sa ni a addu'a.

Mika'ilu

Rimin Gado

Ɗana,

Allah ya yi maka albarka. Sakinatu ta nuna mini, na duba ko'ina, ba ya nan. Ya huta.

An yi ruwan shuka jiya. Fartanyarsa tana rataye a zaure, ka taho. Ka wanko mini hoton nan nasa. Guda ɗaya.

Mahaifiyarka,
Asiya